Arha ba ta ado, har a injin yankan itace

Jama'a, bari in yi tsokaci kan wani abu da muke rainawa.

Daminar bana iska ta kayar da wata ƙatuwar dalbejiya a ƙofar ofishinmu, ta tare hanya. Aka fito da injin yankan itace, ashe dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a jikinsa ya cinye, yanka sai karkacewa yake. Wallahi shi ne na uku da ɗan kwangila ya kawo cikin shekara guda. An rubuta Stihl a jiki, amma jabu ne. Dole muka ɗauko mai inji daga cikin gari. Nasa ƙarfen na asali ne, ya ce sarƙa huɗu ya canza a kansa, har yau garau.

Na san tun da naira ta faɗi a 2023 kayan waje sun yi tsada. Amma a haɗa kuɗin jabu uku da ladan mai injin nan, sai a gaya mini wanne ne arha. Ga haɗari kuma: in kwarmin ƙarfen ya buɗe, sarƙa tana iya gocewa ta illata mutum.

Mu ma da laifinmu. Baƙin mai ake ɗura wa sarƙa, ba a share kwarmin, ba a juya ƙarfen don ɓangarorin su ci daidai. A haka ko na asali ba zai yi ƙarko ba.

Masu sa hannu a takardar saye, ku tuna kuɗin talakawa ne. Allah ya sa mu gyara.