Kafin Ka Nemi Kulob a Garinku, Ka Taɓa Sayen Tikiti?



Ɗan'uwa, idan kana zuwa gidan kallon ƙwallo a Giyawa, ko Goronyo, ko Wurno, ko Rabah, na san ka sha jin wannan gardamar. Ana tashi daga wasa, ana kan hanyar zuwa wurin mai shayi, sai wani ya ce: "Wai mu me ya hana mu samu kulob na ƙwararru? Ga yara sun iya taka leda, ga jama'a kamar ƙasa. Gwamnati ce kawai ba ta so." Kowa sai ya gyaɗa kai. Idan kakar zaɓe ta gabato kuwa, ɗan takara zai iso da riguna sha ɗaya da ƙwallo biyu, ya yi alkawarin kafa ƙungiyar da za ta riƙa karawa da su Kano Pillars. A yi tafi, a yi hoto, a watse.

Yau dai ni da kai za mu yi maganar nan tsakani da Allah. Shin garin da bai kai Kano ko Legas ba zai iya riƙe kulob na ƙwararru? Amsata ita ce e, zai iya. Amma yawan jama'a ba shi ke riƙe kulob ba. Abin da ke riƙe shi kuɗi ne masu shigowa kowane wata, ko an ci wasa ko an sha kashi, ko gwamna na son ƙwallo ko ba ya so. Kuma wani kaso na kuɗin nan daga aljihunka ya kamata ya fito.

Mu fara da batun girman gari, don mu kawar da shi gefe. Legas ta fi kowane birni a Najeriya jama'a da dukiya. Amma tun da Julius Berger ta ci gasar lig ta ƙasa a shekarar 2000, babu wata ƙungiyar Legas da ta sake ɗaga kofin. Ita kuwa Enyimba ta garin Aba, wanda ko babban birnin jiharsa ba shi ne ba, ta ci Gasar Zakarun Afirka sau biyu a jere, a 2003 da 2004. A 2025 kuma Remo Stars ce ta lashe Firimiyar Najeriya, kuma gidanta Ikenne ne, wani ɗan gari a jihar Ogun da Sakkwato ta ninka shi sau da yawa.

Ka tsallaka Sifaniya. Kai da ke kallon La Liga ka san Villarreal. Garin nasu mutanensa ba su wuce kimanin dubu 50 ba, amma filin wasansu na ɗaukar sama da mutum dubu 20. A 2021 suka doke Manchester United a wasan ƙarshe na gasar Europa, da bugun fenareti 11 da 10. Ɗan ƙasarmu Samuel Chukwueze yana cikin 'yan wasansu a wannan kakar. Saboda haka duk wanda ya ce maka ƙaramin gari ba ya iyawa, bai bi tarihin ƙwallo ba.

To amma tsaya, kar ka yi saurin murna. Tambayi kanka: wa ke biya? A Villarreal, wani attajiri ne mai suna Fernando Roig, mai kamfanin tayil na Pamesa, ya karɓi kulob ɗin a 1997, kuma yankin gaba ɗaya da sana'ar tayil yake ci. Ga kuɗin talabijin da La Liga ke rabawa, ga dubban mutanen gari da ke sayen tikitin kaka guda tun kafin a fara wasa. A Ikenne kuwa Kunle Soname ne, shugaban kamfanin Bet9ja, ya gina fili, ya gina makarantar koyon ƙwallo ta Beyond Limits. Ka ga ke nan wannan hanyar ba tamu ba ce, domin ni da kai mun san matsayin kuɗin caca a addininmu da al'adarmu. Abin koyi a wurinsa shi ne tsarin: fili nasa, yara nasa, yana rainonsu yana sayarwa.

Akwai wani misali da ya fi kama da mu, kuma yana da daɗi yana da ɗaci. A garin Gboko na jihar Binuwai akwai kamfanin siminti, shi ya riƙe ƙungiyar BCC Lions. A 1990 ta ci kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofin ƙalubale a ƙasashensu, a 1994 ta ci lig. Da kamfanin ya shiga halin ni-'yasu, sai ƙungiyar ta bi shi. Yau yaro ɗan shekara ashirin bai ma san sunanta ba. Kulob ɗin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya, ranar da wuyan ya gaji, ƙasa zai faɗo.

Yanzu mu dawo gida Arewa. Kusan duk manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatin jiha ne: Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists ta Bauchi, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, da tamu Sokoto United, wadda ta daɗe tana fafutuka a rukuni na biyu. Pillars ta ci lig sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma babu inda ake cika fili kamar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Duk da haka, a 2022 ita da Katsina United suka faɗa rukuni na biyu tare, sai a 2023 suka dawo. Idan Kano da ɗimbin magoya bayanta har yanzu tana jiran baitulmalin jiha, ina ga mu?

Matsalar kulob na gwamnati ka san ta. Zanen aro ba ya rufe katara. Gwamna mai son ƙwallo ya zo, a sayi sabuwar mota, a biya kuɗin sa hannu. Wani ya gaje shi, fayil ya kwanta a ofis wata shida. Shugabancin kulob ya zama ladan wahalar kamfe. A faɗin ƙasar nan, sau nawa ka ji a rediyo 'yan wasa na kukan bashin albashi da alawus? Wanda ke shan wahalar kuwa sa'anka ne. Yaro ne da ya bar makaranta ko ya bar gona da sunan ya zama ƙwararre, ya shekara biyar yana bin mota daga wannan jiha zuwa waccan, gwiwa ta lalace, ya dawo gida yana da shekara talatin babu sana'a babu takarda. Shi ya sa na ce maganar nan ba ta nishaɗi kaɗai ba ce.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na kasuwa. A Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Daga Sakkwato zuwa Aba ko Uyo ko Fatakwal ya haura kilomita dubu, tafiyar kwana biyu ce a mota, ga man fetur, ga otal, ga abincin mutum talatin da wani abu. Mu ƙaddara, don misali kawai, kana da 'yan wasa 35, kowanne kana ba shi naira dubu 200 a wata. A shekara naira miliyan 84 ke nan, ba ka biya koci ba, ba ka biya likita ba, ba ka sha mai ba. To mu sake ƙaddarawa mutum dubu 10 suna shiga filin Giginya a kowane wasan gida, kowa ya biya naira 500. Wasa 19, naira miliyan 95 ke nan. Ka gani? Kuɗin ƙofa kaɗai zai iya ɗauke albashin 'yan wasa, idan da gaske ana biya, kuma idan kuɗin na isa asusun kulob. Sauran sai a nemo daga talla a gaban riga, da sayar da riguna, da sayar da 'yan wasa.

A nan ne maganar ta zo kanka. Sau nawa a wata kake biyan kuɗin shiga gidan kallo don Chelsea ko Barcelona? Nawa ka sayi rigar Real Madrid da ke jikinka? Nawa kake zuba wa data don kallon ƙwallayen da aka ci jiya? Ba na ganin laifinka, ni ma ina yi. Amma yaushe rabonka da ka sayi tikitin wasan gida? Da yawanmu idan mun je fili, ƙofar da za a buɗe kyauta bayan hutun rabin lokaci muke jira, ko mu nemi wanda muka sani a bakin ƙofa. Mai kuɗinmu kuma kujerar manyan baƙi yake so, ita ma kyauta. Idan alƙalin wasa ya busa abin da ba mu so, sai jifa, a ci kulob tara, a kore shi zuwa wani gari ya riƙa buga wasan gida babu 'yan kallo. Da wane bakin za mu ce muna son kulob na ƙwararru?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ƙwallon gida ba daɗi, fili ba kyau, ana zargin sayen wasa, mai gida ba ya shan kashi. Za ka ce mutumin da ke neman na masara ba ya tunanin tikiti. Za ka kuma ce a gabashin Sakkwato wa zai kama hanya da yamma don kallon ƙwallo, alhali 'yan bindiga sun hana mutane noma, sun tashi ƙauyuka? Duk gaskiya ne, musamman na ƙarshen. Babu kulob da zai rayu inda mutum ke tsoron dawowa gida bayan magariba. Shi ya sa ban ce a kafa kulob na ƙwararru a Goronyo ko Wurno ba. Duk ɗan siyasar da ya yi maka wannan alkawarin, ƙuri'arka yake so. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga yadda nake ganin rabon aikin. Birnin Sakkwato zai iya riƙe kulob ɗaya mai ƙarfi. Yana da filin Giginya, yana da jami'o'i cike da matasa, yana da 'yan kasuwa, ga kamfanin simintin BUA a Kalambaina, ga dillalan albasa da tafarnuwa da shinkafa waɗanda kayansu ke kaiwa har kudu da maƙwabtan ƙasashe. Abin da ya dace shi ne gwamnati ta riƙe fili da tsaro, ta rage hannunta a hankali, a sayar da hannun jari ga 'yan kasuwa da magoya baya masu katin zama memba, ana karanta musu lissafin shiga da fita duk shekara. Idan masu riƙon suna da yawa, ɗaya ya gaji saura na nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu kuma a Giyawa da Goronyo da Wurno da Rabah, aikinmu shi ne mu zama rijiyar da wancan kulob ɗin zai riƙa ɗiban ruwa. Wato gasa mai tsari tsakanin garuruwa da unguwanni, wadda ake bugawa kowace shekara bayan an kai amfanin gona gida, ba sai an jira kofin ɗan takara ba. A yi wa kowane yaro rajista da shekarunsa na gaskiya. A sa sharaɗin cewa wanda ba ya zuwa makaranta ko koyon sana'a ba ya bugawa. Ƙungiyoyin unguwa su yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, domin dokar FIFA ta tanadi wani kaso ga ƙungiyoyin da suka raini ɗan wasa idan aka sayar da shi zuwa wata ƙasa, amma sai wanda ke da takarda ke karɓa. Wannan kuma shi zai kare yaranmu daga 'yan damfarar da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan kai yaro gwaji Turai.

Kuma wa ya ce ƙwallon ƙafa ce kaɗai wasan da ake ci da shi? Leƙa maƙwabtanmu Nijar. Tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, ta cin takobi, ana zagayawa da ita jiha-jiha, daga Tawa zuwa Maraɗi zuwa Doso zuwa Damagaram. Garuruwa ne masu matsakaicin girma, amma fili na cika maƙil, kamfanoni na rububin talla, kuma yaro a Ƙonni ya san sunan Issaka Issaka kamar yadda ya san na Messi. Mu nan ƙasar dambe ce da kokawa, ƙasar da Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa. Ɗan dambe ba ya buƙatar motar mutum talatin ko tafiyar kwana biyu, kuma mutanenmu sun saba biyan kuɗin shiga gidan dambe ba tare da gardama ba. Wannan sana'a ce da garuruwa irin namu za su iya riƙewa tun yau, idan aka sa mata tsari da likita da lada mai kyau.

Don haka ɗan'uwa, ran da gardamar nan ta sake tashi a wurin mai shayi, ka tambayi majalisa: mu nawa ne a nan za mu iya ware kuɗin kallon wasa ɗaya a wata mu zuba a asusun gasar garinmu? Wa zai riƙe littafin? Wa zai je wurin hakimi da shugaban makaranta a nemi fili? Idan ka shiga Sakkwato kuma ka tarar ana wasa a Giginya, ka bi layi ka sayi tikitinka, ka karɓi rasit. Ran da ɗan takara ya zo da rigunansa sha ɗaya, ku karɓa ku yi godiya, sannan ku nuna masa littafin asusunku ku ce ya zuba nasa kamar kowa.