Katin da ke nuna ɗan wasa yana sa wa yaro hannu ya fi kuɗinsa daraja

A watan Agustan 2022 aka yi gwanjon wani ɗan kati mai hoton Mickey Mantle, tsohon tauraron ƙungiyar New York Yankees, a kan dala miliyan 12.6. Kamfanin Topps ne ya buga shi a 1952, lokacin da ake sayar wa yara irin waɗannan katuna haɗe da cingam a kan 'yan kuɗi ƙalilan.

Besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, yana da ɗimbin masoya a Amurka, kuma tara katunan 'yan wasansa al'ada ce da ta haura shekara ɗari. Tun a shekarun 1880 aka fara saka su cikin kwalin taba sigari. A yau harkar ta zama kasuwa, har akwai kamfanoni irin su PSA da ke duba lafiyar kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, makin kuma shi ke yanke farashi.

Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Akwai masu tarawa da ba ruwansu da katunan miliyoyi. Abin da suke nema shi ne katin da aka ɗauki hoton ɗan wasa a bakin shingen fili, biro a hannunsa, yara sun miƙo masa ƙwallo ko hula domin ya sa musu hannu. Galibin irin waɗannan katuna ba su da tsada, musamman na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da kamfanoni suka buga katuna har suka yi wa kasuwa yawa.

A ganinmu, waɗannan mutane sun fahimci abin da 'yan kasuwa suka manta. Asalin sa hannu shaida ce cewa masoyi ya tsaya gaba da gaba da gwaninsa, ko da na daƙiƙa goma ne. A 1990 kamfanin Upper Deck ya ɓoye katunan da Reggie Jackson ya sa wa hannu a cikin fakiti, daga nan sa hannu ya zama haja. Yanzu ɗan wasa kan zauna ya rattaba hannu a kan ɗaruruwan sitika, a kai ma'aikata a manna a jikin katuna, ba tare da ya ga wanda zai saya ba. Inda kuɗi ya shiga kuwa, 'yan damfara ba sa nisa. A ƙarshen shekarun 1990 sai da hukumar FBI ta ƙaddamar da bincike mai suna Operation Bullpen kan masu ƙirƙirar sa hannun bogi.

Masu cewa ɗan wasa na da haƙƙin cin moriyar sunansa suna da gaskiya, haka ma masu cewa tantancewa na kare mai saye. Amma wanda ya yi asara shi ne yaron da ke bakin shinge, wanda manya masu neman abin sayarwa ke turewa gefe, har wasu 'yan wasa suka fara ɗari-ɗari da duk mai miƙo musu biro.

Duk wanda ya taɓa jira a rana don ɗaukar hoto da ɗan ƙwallon da yake so ya san abin da wannan yaro ke ji. Don haka ya kamata ƙungiyoyi su riƙa ware wa yara wuri da lokacinsu kafin a fara wasa, kamfanonin kati kuma su ci gaba da buga irin waɗannan hotuna. Idan al'adar ta mutu a filin wasa, waɗannan katuna masu arha ne za su nuna wa na baya cewa an yi zamanin da tauraro ke tsayawa ya sa wa yaro hannu kyauta.