Jami'o'i da aikin murya: Ina aka dosa?

A shekarar 2004 ne Jami'ar Duke ta Amurka ta raba wa sababbin ɗalibanta kimanin 1,600 na'urar iPod tare da abin naɗar murya, domin ganin ko za ta taimaka wa karatu. Bayan shekara guda, jami'ar ta taƙaita rabon ga darussan da ke buƙatar na'urar kawai.

A wancan lokacin, hankalin jami'o'i ya fi karkata ga naɗar laccocin malamai, musamman bayan da kamfanin Apple ya buɗe dandalin iTunes U a 2007.

To amma a hankali lamarin ya sauya salo. Malamai da dama sun koma umartar ɗalibai su shirya nasu shirin murya, wanda aka fi sani da fodkas, a madadin rubuta maƙala. Rufe makarantu sakamakon annobar korona a 2020 ya ƙara yaɗa wannan hanya.

Masu goyon baya na ganin cewa ɗalibin da zai bayyana wa jama'a wani batu cikin minti goma, tilas ne ya yi bincike, ya tsara bayani, ya kuma sauƙaƙa shi. Mai kwafe rubutu kan ɓoye jahilcinsa a bayan manyan kalmomi, amma da wuya ya yi haka idan ya buɗe baki.

Hujjar ta ƙara ƙarfi bayan fitowar manhajar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, wadda ke iya rubuta maƙala cikin daƙiƙoƙi.

Sai dai kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2024 kamfanin Google ya sanya wa manhajarsa ta NotebookLM fasahar mayar da takardu hira tsakanin muryoyi biyu na na'ura. Ke nan naɗaɗɗiyar murya kaɗai ba ta isa shaidar cewa ɗalibi ya fahimci darasi ba.

Akwai kuma matsalar bayar da maki. Malami na iya fifita mai zaƙin baki ko mai tsadar waya a kan wanda ya fi zurfin bincike, abin da zai cutar da masu in'ina da 'ya'yan talakawa.

A arewacin Najeriya, inda rediyo ke da farin jini, kuma Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello da ke Zariya ke da gidajen rediyonsu, tsarin ba zai zama baƙo ba. Cikas ɗin shi ne cunkoson ɗalibai, domin malami mai ɗaruruwan ɗalibai ba shi da lokacin sauraron kowa.

Ga dukkan alamu, aikin murya zai yi tasiri ne idan malami ya biyo shi da tambayoyi gaba da gaba, kamar yadda malaman zaure suka saba sa almajiri ya biya karatu a gabansu kafin a ƙara masa.