Gas Ɗin Kwandishan Ba Fetur Ba Ne

Da zarar bazara ta kama a Kano, zafin watan Afrilu ya fara haura digiri 40, sai ka ga tsofaffin motoci sun yi layi a garejojin Fagge da Sabon Gari. Akwai Fijo 504 da 505 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, akwai Marsandi, akwai kuma 'yan ƙofa biyu na masu son gudu, irin su Toyota Celica da Honda Prelude. Kukan masu su ɗaya ne, wato kwandishan ya daina sanyi. Amsar da aka fi ji kuwa ita ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare, sai a cika." A nawa ra'ayin, wannan amsa ce ke cinye kuɗin mai mota, ta kashe na'urar, ta kuma cuci sararin samaniya.

Ɗalibin da ya san dalilin sanyin ruwan randa ya riga ya san rabin aikin kwandishan. Ruwa kan tsatso ta jikin randa ya zama tururi, ya tafi da zafi. Haka sinadarin da muke kira gas yake yi a cikin mota: yakan zama tururi a cikin ƙananan bututai da ke bayan dashbod, ya kwashe zafin cikin motar. Daga nan kwamfiresa ta matse shi, ta tura shi kwandensa da ke gaban lagireto, inda iska za ta huce shi ya koma ruwa, ya sake zagayowa. Ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba. Abin da kan zurare da kansa kaɗan ne, cikin shekaru. Saboda haka idan an cika bara kuma bana babu, to akwai inda yake yoyo, kuma sake cikawa zuba ruwa ne a kwando.

Tsohuwar mota tana da wata matsalar ta daban. Motocin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990 an yi su ne don gas mai suna R-12. A 1974 masana biyu a Amurka, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa sinadarai irinsa suna cinye shimfiɗar ozon, wadda ke kare mu daga hasken rana mai jawo cutar dajin fata da yanar ido. A 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal, Nijeriya ta shiga cikinta a 1988, aka kuma sa 2010 ta zama wa'adin daina samar da shi ga ƙasashe masu tasowa. Wanda ya gaje shi, R-134a, ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon dayokzaid. Ke nan sakinsa a iska ma ɓarna ce.

Bugu da ƙari, gas ɗin biyu ba sa shan mai iri ɗaya. Man da ke tafiya da R-12 ba ya gauraya da R-134a, don haka idan aka ɗura sabon gas a kan tsohon mai, kwamfiresa za ta rasa mai ta ƙone. Mafi muni shi ne ɗura gas ɗin girki ko jabun gwangwani saboda araha. Gas ɗin girki yana kama wuta, ga shi kuma bututun suna ratsawa kusa da inji mai zafi da wayoyin lantarki. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Gyara na gaskiya yana da matakai. A fara wanke kwandensa daga ƙurar hunturu, a duba fambel da fanka, domin sau da yawa laifin a nan yake. A nemo wurin yoyo da kumfar sabulu ko na'ura, a canza robobi da tiyon da suka tsufa, da tukunyar da ke tsotse danshi. A zuba man da ya dace. Sannan a zuƙe iska da famfo na aƙalla rabin awa, domin danshin da ya saura kan daskare ya toshe hanya, ya kuma zama asid mai cin ƙarfe. Daga ƙarshe a cika da awo a kan sikeli, ba da taɓa bututu da hannu ba. Shi ma mai mota ya riƙa kunna kwandishan na minti goma kowane mako, ko da hunturu ne, don kada robobi su bushe.

Ban ɗora laifi a kan bakanike shi kaɗai ba. Da yawansu gwanaye ne, amma mai mota ne ke cewa, "Maigida, sauri nake, a dai ɗan ƙara mini." Kirana ga malaman kimiyya da na makarantun fasaha shi ne su kai ɗalibai gareji su ga darasin zafi da matsi yana aiki a zahiri. Ɗalibi kuma idan ya raka mahaifinsa wurin gyara, ya yi tambaya ɗaya cikin ladabi kafin a buɗe gwangwani: "Malam, ta ina na bara ya fita?"