Soja Ba Magani Ba Ne

Jama'a, mun ji wasu a kasuwar Dauran suna cewa tun da ɓarayin daji sun hana noma, sun tare hanyar Zurmi, gara soja su karɓi mulki kamar yadda suka yi a Nijar a 2023. To, ku saurara!

Ai mun ɗanɗana. A 1966 soja suka hau, suka soke jam'iyyu duka, har da NEPU ta talakawa. A 1984 suka shiga kasuwanni da bulala, suna yanka wa 'yan kasuwa farashi. A 1993 aka jefa ƙuri'a, Babangida ya soke zaɓen. Shekara kusan 29 suna bisa kujera, wane talaka suka fitar daga ƙangi? Sudan ta ɗauki wannan hanya tun 1958, ga shi a 2023 janar biyu suka cinna mata wuta.

Gaskiya ne masu mulki sun ci amanarmu. Amma su ƙuri'a tana kayar da su. Mai bindiga kuwa, wa zai ce masa sauka? Aikin soja yana daji, ba fada ba. Ku adana katin zaɓenku, kada ku sayar da shi don taliya!