SANIN KAYAN ZAMANI: Tayar motar lantarki, lambarta ake dubawa

Manoma da makiyaya masu karatun wannan fili sun sha jin labarin motar da ba ta shan mai. Sunanta motar lantarki. Ba ta da tankin fetur, ba ta hayaƙi, ba ta ƙugi. Batir gare ta babba, shimfiɗe ƙarƙashin kujeru, ana cika mashi wuta kamar yadda ake cika ma wayar salula.

Cikin shekara ta 2024 an saida motocin da ake cika ma wuta fiye da miliyan 17 a duniya, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. Cikin wannan shekara ce Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai. A Maiduguri, gwamnatin jihar Borno ta sa tasi masu lantarki bisa hanya cikin watan Disamba na 2023. A Nijar ba su yi yawa ba tukuna, kuma ƙauyen da bai da wuta ba wurin kwanansu ba ne. Amma kowa ya san inda tsohuwar motar Turai ke ƙarewa: jirgin ruwa ke kawo ta Afirka. In ta zo, ɗan manomi ke tuƙa ta, ɗan manomi ke yi mata faci a tashar Maraɗi ko ta Damagaram. Kuɗin sayenta ma, sau da yawa daga garke suke fitowa, an saida shanu don yaro ya samu abin yi a birni. Ga kuma rayukan mutanen da za ta ɗauka. Don haka maganar ƙafar wannan mota ta shafi mutanen karkara.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne nauyi. Nissan Leaf, wadda ta fito cikin 2010, batirinta kaɗai ya kai kusan kilo 300. Buhun gero ukku ke nan, masu kilo ɗari ɗari, kuma ba a sauke su har abada. Ko motar ba kowa ciki, tana ɗauke da su. Kamfanin Renault na Faransa ya yi ƙananan motoci biyu masu kusan girma ɗaya, Clio mai shan mai da Zoe mai lantarki. Zoe ta fi Clio nauyi da fiye da kilo 300. In an dube su da ido sai a ce taya ɗaya ta ishe su. Ma'auni bai ce haka ba.

Bayan nauyi akwai fizga. Motar mai sai ta yi ƙugi, ta canza giya, kana ƙarfinta ya taru. Ta lantarki, da an taka, ƙarfinta duka ya zo nan take, kamar doki da anka zabura. In an ɗaga ƙafa kuma, injin da kanshi ke riƙe ta, shina maida wuta cikin batir. Da fizgar da riƙon, duk bisa roba suke sauka. Shi ya sa tayarta ke cinyewa da wuri, musamman hannun yaro mai son a gan shi. Kamfanin Michelin mai yin taya ya ce saurin cinyewar kan kai kashi 20 cikin 100 bisa na motar mai.

To, ranar da taya ta suɗe, yaya za a zaɓi wata? Amsar na nan rubuce a gefen tayar. Duk wanda ya koyi baƙi da lissafi ajin yaƙi da jahilci na iya karanta ta, ba sai ya ji Faransanci ba. Ga misalin abin da ke jikin tayar Leaf:

205/55 R16 91V

205 faɗin tayar ne, da milimita, wato santimita 20 da rabi. 55 na nufin tsawon gefenta kashi 55 ne cikin 100 na faɗin, wato santimita 11 da ɗan ɗori. R irin saƙar wayoyin cikinta ce. 16 girman ƙarfen da ake sa ma tayar ne, wanda masu gareji ke ce ma janti, da ma'aunin inci. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan kaɗan. V kuwa iyakar gudu ce, kilomita 240 cikin awa. H 210 ce, T kuma 190. Ba hanyar da ta yarda da irin wannan gudu a Nijar, amma duk da haka kada a sauka ƙasa da baƙin da kamfani ya rubuta.

An bar 91 daga baya da gangan, don ita ce uwar lambobin, kuma ita ce aka fi mantawa a kasuwa. Mai saye ya ce a ba shi "sha shidda", mai saidawa ya mirgino mashi sha shidda, an gama ciniki. Alhali 91 ita ke faɗin kayan da taya ɗaya ke iya ɗauka. Ba kilo 91 ba ne. Lamba ce mai fassara: 88 kilo 560, 91 kilo 615, 94 kilo 670, 98 kilo 750, 100 kuma kilo 800. Taya biyu na iya zama girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, amma guda 91, guda 94. Tsakaninsu kilo 55 ga kowace ƙafa, ga ƙafa huɗu kilo 220. Mutum ukku ke nan manya. Mai jaki ya san wannan tun da daɗewa: jakai biyu tsawonsu ɗaya, amma ba kaya ɗaya ake aza masu ba.

Doka a nan gajera ce. Ana iya hawa sama da lambar da kamfani ya sa, ba a sauka ƙasa. In an ga baƙaƙen XL bayan lamba, taya ce da anka ƙara ma ƙarfi don ɗaukar nauyi. Tesla Model 3, motar Amurka mai nauyin kusan kilo 1,800, tayarta 235/45 R18 ce, lamba 98, mai XL. Tun 2021 an fara yin masu alamar HL, waɗanda sunka fi XL ɗauka, saboda manyan motocin lantarki. Motar da ta zo da XL, XL za a maida mata. Tayar da anka aza ma abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi daga ciki, wayoyinta su rabu da roba, ta fashe ana cikin gudu. Da rani, lokacin da kwalta ke ƙuna, abin ya fi saurin faruwa.

In tayar da ke jikin motar ba ta asali ba ce, kada a dogara da lambarta, don mai motar na farko na iya yin kuskure. A buɗe ƙofar direba. Jikin ginshiƙin ƙofa akwai ƴar takarda manne, mai girman taya da yawan iskar da kamfani ya yanke.

Akwai tayoyin da ake rubuta ma EV, ma'ana an yi su don motar lantarki. Suna da kyau, suna da tsada. Amma ba dole ba ne. In girma ya yi daidai, lambar nauyi ta kai, baƙin gudu ya kai, taya ta hau. Abin da tayar EV ta fi da shi shi ne sauƙin mirginawa. Mai amalanke ya san yadda jaki ke gajiya in ƙafar amalanken ta yi laushi. Haka batir ke gajiya da taya mai nauyin mirginawa. Sabbin tayoyin Turai na zuwa da takarda mai baƙaƙe daga A zuwa E, tun 2021. A ita ta fi sauƙin mirginawa, E ta fi cin wuta.

Yanzu maganar janti, inda samari ke zubar da kuɗi. Babban janti mai walƙiya da siririyar roba shina da kyaun gani, ba musu. Amma a duba lissafi. Taya 195/65 R15, da 205/55 R16, da 225/45 R17, in an tsaida su jere, tsawonsu kusan ɗaya ne, santimita 63. Abin da ya bambanta shi ne robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙasa: ta farko kusan santimita 13, ta biyu 11, ta ukku 10. Duk lokacin da ƙarfe ya ƙaru, roba ta ragu. Robar nan kuwa da iskar cikinta su ne katifar mota. Bisa kwalta mai santsi ba a jin bambanci sosai. Bisa hanyar jan ƙasa mai gargada, ko an faɗa rami da mota mai nauyin buhu goma sha takwas, siririyar roba na matsewa har ƙarfe ya cije ta. Sai gefen taya ya yi ƙulu, ko janti ya lanƙwashe. Tayar da gefenta ya yi ƙulu ba ta faci, ta mutu ke nan.

Babban janti kuma shina cin wuta, don ya fi nauyi, kuma faffaɗar roba ake sa mashi. Hukumar Amurka mai auna motoci ta auna Tesla Model 3 iri ɗaya ta shekarar 2020. Da janti 18, cikin batir ɗaya na kai ta kusan kilomita 518. Da janti 20, kusan 481. An yi asarar kilomita 37 don ado, tafiyar yini ga mai ƙafa. Mai motar fetur in mai ya ƙare mashi cikin daji, yaro ya hau babur ya kawo mashi cikin kwalba. Wutar batir ba a saida ta cikin kwalba bakin hanya.

Ga hanyoyin ƙasar nan, in kamfani ya yarda da girma biyu, ƙaramin janti mai roba da yawa shi ya fi. Leaf na zuwa da 16, tana zuwa da 17. Mai hankali 16 zai ɗauka. Sai dai ba a rage janti yadda anka ga dama, don birki na zaune cikinshi. In ya yi ƙanƙanta ƙwarai, sai ya gogi birki. Kuma tsawon ƙafar gaba ɗaya ya tsaya kusa da na asali. In ya canza da yawa, agogon gudu na ƙarya, lissafin sauran wutar batir ma na ƙarya. In ya ragu, cikin motar ya matso ƙasa, kuma a nan batir yake, abin da ya fi komi tsada jikinta.

Tun kamin a sayi motar ya kamata a tambayi kasuwa ko akwai tayarta. BMW i3, wadda Jamusawa sunka yi daga 2013 zuwa 2022, tayarta doguwa ce siririya, 155/70 R19. Kusan ba wata mota mai irinta. Volkswagen ID.4 kuma, akwai masu tayar baya da ta fi ta gaba faɗi, ba a musanya su. Motar da ta yi araha amma tayarta sai an aiko daga Turai, ƙarƙashin bedi za ta yi wata da watanni, awaki na shan inuwarta.

Mafi yawan mutane tsohuwar taya suke saye, wadda anka kwance daga wata mota. A nan ma karatu na tsare aljihu. Jikin kowace taya, bayan baƙaƙen DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe. Biyu na farko sati ne, biyu na baya shekara. 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Masu yin taya na cewa in ta shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta na nan ras, don roba na bushewa. Zurfin zanen, dokar Turai ta ce kada ya gaza milimita 1.6. Wadda anka sake yanka ma zane da wuƙa don ta yi kamar sabuwa, ita kam takalmi ya kamata a yi da ita. In kuma an ga hoton dutse mai kai ukku da furen ƙanƙara ciki, taya ce ta ƙasar sanyi. Robarta taushi gare ta, zafin Tawa na cinye ta da sauri.

Iska kuwa da safe ake auna ta, kamin taya ta yi zafi. Leaf na son kilo 2 da rabi, Model 3 kusan kilo 3, fiye da abin da masu faci sunka saba sa ma ƙananan motoci. Direban da ya rage iska don ya ratsa rairayi, ya maida ta da ya hau kwalta. Kowane kilomita 10,000 a musanya na gaba da na baya, in girmansu ɗaya.

Mai faci shi ma da nashi. Yawancin waɗannan motoci ba su zuwa da tayar ko-ta-kwana, sai ɗan famfo da kwalbar ruwan liƙi. A ƙasar ƙayar aduwa da bagaruwa wannan bai isa ba, sai a nemi ƙafa ta biyar mai lamba daidai. Wasu tayoyin akwai soso manne cikinsu don rage ƙara, sai an yanke shi daidai wurin hujin kana faci ya kama. Wajen ɗaga mota kuma, akwai wurare huɗu da kamfani ya yi ma alama gefenta. In an kafa jak wani wuri dabam, bisa batir anka kafa shi, kuma batirin da ya huje na iya kama wuta.

Wata mai zuwa wannan fili zai yi maganar batirin kanshi, da yadda zafin rani ke rage mashi kwana.