Masu cewa a haƙo kwal, ku fara jin ta bakin mutanen Maiganga

1/ Duk ranar da layin wutar ƙasa ya faɗi, sai wasu su ɗauko tsohuwar waƙarsu: wai Allah ya ba mu kwal a Gombe da Kogi da Binuwai da Inugu, a haƙo a ƙona mu samu wuta, Turawa ne kawai ke hana mu. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilaina. Zaren na da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Da farko, kwal daban, gawayi daban. Gawayi itace ne aka ƙona, shi mai shayi da mai tsire ke hura wuta da shi. Kwal baƙin dutse ne da ake tonowa a ƙasa, ragowar tsirran da suka binne shekaru miliyoyi. Ana ƙona shi a tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da lantarki.

3/ Na san daga ina fushin ya fito. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu. Masu walda suka zauna, ƙanƙara ta yi tsada, mu ɗalibai muka koma layin cajin waya da kuɗin abincinmu. Wanda ya sha wannan, ko me aka ce zai kawo wuta, cewa zai yi a kawo.

4/ To amma me ya jefa mu duhun? An lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Tashoshin suna nan, hanyar kawo wutar ce ta yanke. Da a ce muna da tashar kwal goma a Kogi a ranar, duhun nan dai shi za mu sha.

5/ A takarda, tashoshin Najeriya za su iya ba da wajen megawat 13,000. Abin da ke fitowa yawanci 4,000 ne zuwa 5,000. Bashin kuɗin gas, tsofaffin layuka, taransifoma da ta ƙone aka bar unguwa da karo-karo. Randa ce ke yoyo, ku kuma kuna ta cewa a ƙaro ruwa.

6/ Kuma fa mun taɓa gwada kwal ɗin nan. An gano shi a Udi a 1909, Turawan mulki suka ja layin dogo har Fatakwal don fitar da shi. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandansu suka harbe ma'aikatan haƙa 21 a Iva Valley saboda yajin aiki. Ga yadda labarin kwal ya fara a ƙasar nan.

7/ An kafa hukumar kwal ta ƙasa a 1950, aka gina tashar wuta a Oji River. Daga baya jiragen ƙasa suka koma dizal, yaƙin basasa ya zo, harkar ta durƙushe. Kwal ɗin ya tafi, kuɗin ya tafi. Inugu ta gaji ramuka da ruwa mai tsami da ke tsatsowa daga tsofaffin ma'adinai yana shiga kogin Ekulu.

8/ Yadda abin yake: duwatsun da ke tare da kwal suna ɗauke da ƙibiritu haɗe da ƙarfe. Muddin suna binne, lafiya lau. Da an tone su iska da ruwa suka taɓa su, sai su zama asid. Asid ɗin ya narkar da ƙarafa ya kwashe su zuwa rafi da rijiya. Kamfani zai rufe ya tafi, wannan aikin ya ci gaba shekaru da dama.

9/ Ba sai mun je Inugu ba ma. Maiganga tana ƙaramar hukumar Akko a jihar Gombe. A nan ake haƙo kwal ɗin da kamfanin siminti na Ashaka ke amfani da shi. An tashi mutane daga matsuguninsu, gonaki sun koma rami. Shekara da shekaru mazauna wurin na kokawa kan ƙura, ruwan sha da diyya, har zanga-zanga sun yi.

10/ Wannan fa kwal ne na kamfani guda kawai. Yanzu ka ƙiyasta babbar tashar lantarki mai cin tan dubbai kullum, dare da rana, shekara talatin ko arba'in. Gonar wa za a tone? Duk mai rubuto "a haƙo kawai" daga Abuja ko GRA, don Allah ya faɗa mana ko gonar babansa na cikin lissafin.

11/ Sai hayaƙin. Ƙona kwal na fitar da iskar ƙibiritu mai kama ƙirji, da sinadarin makuri mai illa ga ƙwaƙwalwar jarirai, da wata ƙura siririya da ido ba ya gani, wadda ke shiga can cikin huhu har ta kai jini. Mu da hazon hunturu kaɗai ke kwantar da masu asma, a ƙara mana wannan a kai? Haba.

12/ A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan kwana biyar. Lissafin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Ingila, inda juyin masana'antu ya tashi a kan kwal, ta rufe tasharta ta ƙarshe ranar 30 ga Satumba 2024. Abin da suka amayar ne ake so mu ɗauka.

13/ "Ai ana iya saka na'urar tace hayaƙi." Ana iya, da tsada, kuma sai da kulawa kullum. Ƙasar da matatun manta suka yi shekaru a kwance ana zuba musu biliyoyi, ita ce za ta riƙa canza matatar hayaƙi a kan lokaci? Kuma tokar da aka tace ba ɓacewa take ba, tarawa ake a fili, iska da ruwan sama su raba wa maƙwabta.

14/ Kun fi son misalin Afirka? Ga Afirka ta Kudu. Kusan kashi 80 cikin 100 na wutarsu daga kwal ne. Duk da haka a 2023 sun sha ɗauke wuta har awa goma a rana. Manyan tashoshinsu biyu, Medupi da Kusile, an fara su a 2007 da 2008, suka makara da shekaru, kuɗin ya ninka.

15/ A Maris 2022 babbar kotu a Piritoriya ta yanke cewa gurɓatar iskar yankin Highveld, inda tashoshin kwal ɗin suka taru, ta keta haƙƙin da tsarin mulki ya ba jama'a. Talakawan baƙar fata da ke zaune gindin tashoshin ne ke shaƙar abin. Ƙungiyoyinsu ne suka kai ƙara.

16/ Ga maƙwabtanmu Nijar. Kamfanin SONICHAR ya fi shekara 40 yana ƙona kwal a kusa da Cirozerin. Wutar ta fi tafiya ma'adinan yuraniyom na Arlit da garuruwan yankin Agadas. Da Najeriya ta yanke musu layi a Agustan 2023, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu. Kwal kamfani yake fara ciyarwa, talaka ya jira.

17/ Sannan wa zai biya? A Satumbar 2021 Shugaba Xi ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Chana ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. Bankin Duniya ya ja hannu tun 2013. A Kenya, kotun muhalli ta soke lasisin tashar Lamu a 2019. Bashi mai tsadar ruwa ne ya rage, kuma mu 'yan shekara ashirin ne za mu biya.

18/ Ga kuma ruwa. Tashar kwal ba ta aiki sai da ruwa mai yawa na sanyaya injuna. A yankin da jarka ke ƙara kuɗi duk bazara, mata da yara ke kwana a bakin burtsatse, a nan za a kawo abin da zai yi gasar ruwa da su?

19/ Yanzu hujjarku mafi ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Chana ita kaɗai na ƙona sama da rabin kwal ɗin duniya. Jamus ta sake kunna tashoshin kwal a 2022 da yaƙin Yukiren ya matse ta. Munafunci ne? Ƙwarai kuwa.

20/ Sai dai munafuncin Jamus ba zai wanke huhun yaro a Akko ba. In aka ƙona kwal a Gombe, 'yan Gombe ne farkon shaƙa. Wanda ya ga maƙwabcinsa na shan guba bai ce "nima a ba ni rabona" ba. Mu matsa musu su biya ɓarnar da suka yi, wannan haƙƙinmu ne. Shan gubar ba ya cikin haƙƙin.

21/ Kuma ɗumamar nan mu take fara duka. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Hamada na cin gonaki a Yobe da Jigawa da Sakkwato. Kowane yunit na wutar kwal na sakin kusan kilo ɗaya na iskar kabon, wajen ninki biyu na gas. A cikin duk makamashin lantarki shi ne kan gaba a ƙazanta.

22/ Wasu na cewa a raba wa mata kwal su yi girki, a ceci itatuwa. Damuwar gaskiya ce, dazukanmu na ƙarewa a buhunan gawayi. Amma a Xuanwei ta Chana, matan da ba su taɓa shan taba ba sun yi ta kamuwa da kansar huhu saboda girki da kwal a ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ƙona ɗanyen kwal a gida. A sauke farashin gas, a yaɗa murhu mai tsimin itace.

23/ "To ka kawo mafita." Ɗaga kai ka kalli sama. Arewa na cikin wuraren da suka fi samun rana a duniya, kuma farashin wutar sola ya faɗi da sama da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. An buɗe megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, megawat 10 a Kumbotso a 2023, megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai. A watanni ake gina irinsu, kusa da masu amfani.

24/ Da dare fa? Batir na da tsada har yanzu, gaskiya ne. Amma muna da Kainji, Jebba, Shiroro, Zungeru mai megawat 700, da Daɗin Kowa a Gomben kanta. Mambila tun kafin a haife mu ake alkawarinta. Gas ana ƙona shi a banza a Neja Delta, bututun Ajakuta zuwa Kano mai kilomita 614 an ƙaddamar da aikinsa tun 2020. A gama waɗannan tukuna.

25/ Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu da rarraba ta. Ke nan "sai Abuja" ya daina zama uzuri. Ka tambayi gwamnanka: asibitoci nawa ya saka wa sola, kasuwanni nawa, kuma wa ke gyara su in sun lalace? Don fanel ɗin da ƙura ta rufe ba a wankewa, shi ma asarar kuɗi ne.

26/ Duk ɗan siyasar da ya zo da alkawarin tashar kwal, ku yi masa tambaya huɗu. Ina za a zuba tokar? Daga ina za a ɗebo ruwan? Wa zai biya bashin? Wa zai cike ramin in an gama? Sannan ya nuna rahoton tasirin muhalli, wanda doka ta wajabta tun 1992. In ya fara kame-kame, kun samu amsa.

27/ Wanda ke da hujja ya kawo, da lambobi, zan karanta kuma zan ba da amsa. Wanda zai ce Turawa sun saye ni, ya taimaka ya tura musu lambar asusuna, don har yau ban ga alat ba. A tura wa 'yan'uwanmu na Gombe da Kogi, su ne za su zauna kusa da ramin.